Hancin Aron Kawu Rabe

Duk wanda ya taɓa bin hanyar bayan garinmu da hantsin ranar Alhamis ya san abin da zan faɗa. Za ka hango wani dattijo dogo, siriri kamar karan dawa, ya rungume ɗan akwati baƙi da hannun hagu, hannun dama kuma riƙe da laima. Akwatin ne ke cikin inuwar laimar. Shi kuwa mai laimar, rana na dukan sanƙonsa, gumi na gangara masa ta bayan kunne, yana taku ɗaya-ɗaya kamar wanda ya ɗauko ƙwaryar nono cike taf. Kawu Rabe ke nan, yayan mahaifiyata, zai kai Baƙo shan iska gindin tsamiya.

In ka ce masa, "Kawu, ga rana fa tana cin kanka," ba zai ko tsaya ba.

"Ni cikinta aka haife ni," in ji shi. "Shi ko baƙo ne."

Ku da kuka san shi, na san kun fara dariya. Waɗanda ba su san shi ba, bari in koma baya kaɗan, kada su ɗauka kawuna taɓin hankali gare shi, ko da yake matarsa, Inna Cima, ta sha faɗin haka a gabansa.

Tun muna yara da hanci aka san Kawu. Ranar kasuwar Atantane ko ta Gidan Amumune, masu sayen hatsi har rububinsa suke yi. Ya soka hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya kai hanci, ya lumshe ido. Sai ka ji ya ce, "Wanga gero na bara ne, an gauraya shi da na bana." Ko kuma, "Wagga gyaɗa ba ta gama bushewa ba aka ɗure ta, nan da wata guda sai fumfuna." Kuma haka ɗin za a tarar. Bai taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko, amma in ya yi magana a kan buhu, ko mai buhun ba ya musu.

Sai wata shekara zazzaɓi da mura suka kwantar da shi kusan sati uku. Ya tashi, ƙarfi ya dawo, hanci bai dawo ba. Bai faɗa wa kowa ba. Inna Cima ce ta gano, ranar da ta bar tukunyar wake kan wuta ta leƙa maƙwabta. Ta dawo ta iske waken ya ƙone ƙurmus, ƙauri ya cika gida, shi kuwa yana zaune ya ba murhu baya, yana tufkar igiya hankali kwance.

"Malam, ba ka ji ƙauri ba?"

"Wane ƙauri?"

Ta ce a nan ta nemi wuri ta zauna, ta manta da tukunyar.

Daga nan Kawu ya daina zuwa kasuwa. Mutumin da in yana zance ba ka samun kafar sa baki, ya koma daga gaisuwa sai gaisuwa. Shekara biyu yana haka.

A lokacin ni na riga na yi aure, ina da ƴaƴa uku, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata masu gyaɗa, don ni ce na ɗan yi lakol. Muna ajiye gyaɗa bayan kaka, mu yi mai da ƙuli-ƙuli da wani ɓangare, mu sayar da saura gab da damina. Babbar damuwarmu fumfuna. Takan fara daga tsakiyar buhu, kafin ido ya gani ta gama ɓarna, kuma gyaɗar da ta kama ciwo ce ga mai ci. To, sai wani furoje na taimakon manoma ya shigo yankinmu, ya gina mana mangaza, wato ɗakin ajiya, ya turo mana wani ma'aikacinsa, Mushe Lawali, kamar yadda muke kiran ƴan boko, da wata na'ura. Girmanta kamar ƙaramar rediyo, da ƴar mesa siririya a gaba. A zuba gyaɗa cikin kwalba, a rufe, a ɗan jira, a zura mesar. In gyaɗar lafiya take, ƴar fitila ta kawo tsanwa. In fumfuna ta fara, ta kawo ja.

Mushe ya ce a ba shi mutum guda mai riƙon amana da zai kula da ita. Mahaifiyata ce ta ce a ba yayanta, ko ya samu abin da zai fito da shi daga gida. Muka je muka same shi, ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Ƙarfe ne zai shinshina gyaɗa? Ku dai an raina muku hankali."

Amma washegari sai ga shi a mangaza da ƙulli biyu a aljihu. Ɗaya gyaɗa ce mai kyau. Ɗayar ya tsamo ta daga gindin wani tsohon rumbu, ya zaɓi waɗanda ba su nuna komai a ido ba. Bai faɗa wa Mushe wacce ce wacce ba. Aka gwada ta farko, tsanwa. Aka gwada ta biyu, ja. Kawu ya daɗe yana kallon fitilar. Can ya ce, "Ikon Allah. An karɓe mini nawa, an aiko mini da na aro."

Sunan ya bi ta ke nan, mutanen gari suka riƙa cewa hancin aro. Shi dai Baƙo yake ce mata, kuma ni ma haka zan riƙa faɗa.

An kai shi Mayahi tare da wasu, kwana uku koyon aiki. Sauran ƴan koyo suna rubutu, Kawu kuwa da ka ya ɗauka, don haka duk abin da Mushe ya faɗa sai ya sa shi ya maimaita. Mushe ya gaya mini daga baya cewa a rana ta uku muryarsa ta dushe, kuma Kawu ne kaɗai sanadi. Da ya dawo ya tara mu ya yi mana huɗuba: Baƙo ba ya son zafi, ba ya son danshi, ba ya son ƙura ta shiga mesarsa, kuma babban maƙiyinsa ƙamshi mai ƙarfi ko wari mai ƙarfi, don yakan maƙale masa a ciki ya hana shi jin na gyaɗa.

"An ce baƙo raɓa ne," in ji Kawu. "To wanga baƙon, raɓa ma kashe shi take."

Mu mun ɗauka a mangaza zai zauna, tunda don ita aka kawo shi. Kawu ya shiga mangazar da azahar, ya ɗaga kai ya kalli rufin kwano, ya fito yana sharce gumi.

"Nan ko ƙwai ka ajiye dahuwa zai yi."

Sai ya ɗauki Baƙo ya tafi da shi gida. Akwai wani ɗakin ƙasa mai rufin azara a kusurwar gidansa, inda Inna Cima ke ajiye kanwa da barkono da busasshiyar kuɓewa. Kafin ta dawo daga rijiya ya fitar da kayan duka tsakar gida, ya share, ya bar ƙofa buɗe kwana biyar don warin barkono ya fita. Ya sayo sabuwar randa wadda ruwa bai taɓa shiga ba, ya ɗora ta kan duwatsu uku, ya sa akwatin Baƙo ciki, ya rufe.

Inna Cima ta ce, "Ni kuma barkonona fa?"

"Barkononki ɗan gida ne, ya san inda zai kwana."

Cikin akwatin akwai wasu ƴan sashe, wato ƙananan ƙunshi, masu ƙwayoyi kamar gishiri, su ke shanye danshi. In sun ƙoshi sai launinsu ya canza. Mushe ya ce in sun canza a sanar da shi ya kawo sababbi, ko kuma a ɗan gasa su a hankali su dawo daidai. Kawu da jin akwai hanyar da ba sai an zubar ba, shi ke nan. Ya sayi sabon kasko, ya hana mai ya taɓa shi, yana ɗora shi kan garwashin da ya gama hayaƙi, yana juya ƙwayoyin da tsinke. Wata rana Inna Cima ta yi baƙi, kaskonta ya tsage, ta miƙa hannu za ta ɗauki nasa. Ya riga ta.

"Wanga kasko azumi yake."

"Yaushe zai sha ruwa?"

"Sai na mutu."

Kuma gaskiyarsa, har ya bar duniya ɗigon mai bai taɓa kaskon ba.

Akwai matsala guda. Mai gadin ƙamshi ba ya jin ƙamshi. Don haka duk wanda zai matso kusa da Baƙo sai ya bi ta hannun Inna Cima. Ta tsaya bakin ƙofa, ta ɗan matso, ta ja iska, ta yanke hukunci. "Wannan albasa ta yanka." "Wannan man shafawa ne mai ƙamshi." "Wannan daga wurin mai sayar da esansi, man mota, ya fito." Duk wanda ta kama, Kawu ya miƙa masa buta ya wanke hannu da ruwa zalla, ban da sabulu, ya kuma tsaya ta inda iska ba za ta kwaso shi ba. Da farko tana yi tana mita. Daga baya ta ji daɗin muƙamin, har ta fi shi tsanani. Ni kaina ta taɓa korata saboda na goya yaro mai warin maganin tari.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da wani babban mutum na furoje ya zo daga Maradi da mota, zai ga yadda aiki ke tafiya. Farar shadda, hula ta zauna, tun daga nesa ƙamshinsa ya riga shi isowa. Mushe Lawali na biye da shi yana ta yi wa Kawu alama da ido. Kawu bai ko kalle shi ba.

"Cima, shinshina mini shi."

Inna Cima ko matsawa ba ta yi ba. "Malam, wannan ai ko daga Tasawa ya tsaya na ji shi."

Kawu ya durƙusa ya gaida mutumin da ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai ka hango shi daga nan."

Mutumin ya yi murmushi. "Baba, ni fa na sa hannu aka kawo muku wannan na'ura."

"To alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Kai ka fi kowa sanin ba ya son turare."

Mushe ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai babban mutum ya fashe da dariya. Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa direbansa, ya karɓi buta ya wanke hannu da fuska da wuya. Inna Cima ta sake jan iska, ta ce da sauran kaɗan, amma in ya tsaya bakin ƙofa ba laifi. Haka ya tsaya da ƴar ciki, yana leƙe, Kawu na nuna masa randa da sashe da kasko. Da zai tafi ya ce wa Mushe a gabanmu, "Da ma a biro, can ofishinmu, muna da irin wannan tsoho."

Kawu ya ce, "Ai ba ni kaɗai za ku ɗauka ba, sai da ita."

Wata shekara matan wata ƙungiya a Gidan Amumune suka roƙa a kai musu Baƙo ya duba musu buhunansu, har suka turo ɗan kabu-kabu ya ɗauki Kawu. Kawu ya zagaya moto, wato babur ɗin, sau ɗaya, ya ga jarkar esansi ɗaure a baya, ya ga hayaƙin da ke fita, ya ce wa mai moton ya gaida gida. Amalanken jaki ya nema. Ya shimfiɗa bargo ninki huɗu, ya ɗora akwatin, ni kuma na zauna gefe don ni ce mai rubuta sakamako. Muka tashi bayan sallar asuba, ba mu isa ba sai da rana ta take tsaka. Duk ramin da za mu shiga sai ya sauka ya ɗauki akwatin a hannu, ya tsallake, ya dawo.

Muka iske mata sun gaji da jira. Shugabarsu ta ce, "To Baba, bisimilla."

"Bai huta ba."

"Wa?"

"Ke in kin yi tafiya irin wagga, daga sauka sai a ba ki turmi?"

Ya nemi ɗaki mai sanyi ya ajiye akwatin a rufe har zafin hanya ya sake shi. Sannan ya kunna, ya ce sai an jira ya ɗumama, gwargwadon shan shayi kofi guda. Bayan kowace kwalba kuma sai ya ɗaga mesar sama ta shaƙi iska mai tsabta kafin ta gaba, wai kada ya ɗora wa wata laifin wata. Kafin la'asar labari ya zagaya kasuwa. Wata Bafulatana ta zo da ƙwaryarta tana son a gwada mata nono, don wata ta ce ya kwana.

"Ruwa ba ya shiga hancinsa," in ji Kawu. "Ke in nono ya bi miki ta hanci, daɗi kike ji?"

Wani kuma ya ja shi gefe, ya ce an sace masa akuya, yana zargin maƙwabcinsa, ko za a zura mesar ta katanga a ji ko ana dafa nama.

Kawu ya ce, "Ɗana, gyaɗa ya karanta. Bai yi karatun akuya ba."

Yanzu zan faɗi wanda ya shafe ni, tunda wasunku kun daɗe kuna yi mini gori da shi.

Farkon wata damina ne. Kawu da Inna Cima sun tafi ta'aziyya Bawdeta, kwana biyu, ya bar mini mabuɗin ɗakin Baƙo da gargaɗi ya fi goma. Na dawo daga kasuwa da ƙunshin daddawa babba, ta bikin sunan ɗan ƙanwata, na biya gidan Kawu in duba musu awaki, sai hadari ya taso. Na rasa inda zan sa daddawar kada ta jiƙe. Na ce a raina, ai akwatin a rufe yake, kuma daga an ɗauke ruwa zan ɗauka. Na buɗe randa na tura ƙunshin gefen akwatin, na mayar da murfi. Ruwa ya ɗauke, na ruga gida saboda yara, na manta shaf.

Da suka dawo, Kawu na buɗe ƙofa Inna Cima ta ja da baya.

"Malam, miya ake kaɗawa a ɗakin nan?"

Aka aiko kirana. Na iske shi zaune kan tabarma, ƙunshin daddawa a can nesa, Baƙo a kunne gabansa. Yana da kwalabe biyu da yake ajiyewa kullum, ɗaya da gyaɗa mai kyau, ɗaya da mai fumfuna, da su yake gwada ko Baƙo na cikin hayyacinsa. Ya zura mesa a mai fumfuna, ja. Ya zura a mai kyau, ja. Ya ɗaga ta sama cikin iska, ja.

Bai yi mini tsawa ba. Da ma ya yi. Ya dai dube ni ya ce, "Barira, me Baƙo ya yi miki?"

Ina da ƴaƴa huɗu a lokacin, amma na tsaya ina kuka kamar yarinya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, washegari ne wani ɗan kasuwa, Alhaji Sule, zai zo daga Tasawa da kamyo, babbar motar kaya, ya kwashi gyaɗarmu, kuma sharaɗinsa sai wadda Baƙo ya shaida. Aikinmu na shekara guda ke nan a cikin mangaza. Mata suka taru gidan Kawu. Wata ta ce a kunna kawai a juya fitilar ta kalli bango, wa zai sani? Wata ta ce ai gyaɗar lafiya lau take, kowa ya gani. Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ka rufa mana asiri."

"Hancin da ya sha daddawa ba ya ba da shaida," in ji Kawu. "Ku ba ni kwana uku."

Alhaji Sule ya zo, Kawu ya gaya masa komai da bakinsa, har sunan daddawar. Alhaji ya jira yini guda, ya ga ba alama, ya juya kamyonsa babu komai ciki. Ranar babu wadda ta gaida Kawu a hanya. Mahaifiyata ta yi kwana biyu ba ta taka gidansa ba.

Shi kuwa ya shiga jinya. Ya cire ƴar audugar da ke tace iska a bakin mesa ya sa sabuwa. Ya zubar da tsofaffin sashe, abin da bai taɓa yi ba, yana zubarwa yana kallona. Ya shanya akwatin buɗe a inuwa, randar kuma ya ce ta gama aiki, ya ba Inna Cima kyauta, ya sayo wata. Kullum da safe ya cika batiri a sola, mu tafi gindin tsamiya can bayan gari, inda babu hayaƙin girki babu garke, ya kunna Baƙo ya bar shi yana ta shaƙar iska. Hukuncina shi ne riƙon laima. Hannuna ya sage, in sauya, ya ce, "Inuwa ta goce." Rana ta farko ja. Rana ta biyu fitilar ta fara rawa tsakanin ja da tsanwa. Rana ta uku da hantsi ya zura mesa cikin kwalba mai kyau, ta kawo tsanwa. Ya zura a ɗayar, ja. Sai da ya maimaita sau uku. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi laimar ya ce, "Je ki sha ruwa, ɗiyata."

Bayan sati sai ga kamyon Alhaji Sule ya dawo ba tare da an kira shi ba. Ya ce ya zagaya garuruwa, kowa na rantse masa gyaɗarsa ta fi ta kowa, sai ya tuna akwai tsohon da ya kore shi da gaskiya.

Aka shiga gwaji, buhu bayan buhu, tsanwa, tsanwa, mata na ta hamdala. Da aka zo kan wasu buhuna uku da ke jingine da bangon gabas, sai ja. Kowace mace da alamar da take ɗaura wa buhunta. Waɗannan shuɗin zare ne a bakinsu. Kowa ya juya ya kalli Inna Cima.

Ta matso, ta ɗebi gyaɗar, ta shinshina. "Lafiyarta lau. Abin nan har yanzu daddawa ce ke yawo a kansa."

Kawu ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zazzage buhu guda. Sama lafiya, ƙasa lafiya, amma ɓangaren da ya jingina da bango ƙwayoyin sun fara baƙi-baƙi. Bangon ya sha ruwa ba mu sani ba. Aka ware buhunan uku, Kawu ya ce ba mutum ba dabba. Tun ranar muka daina jingina buhu da bango, muka sa katako a ƙasa.

Inna Cima ta riƙe ƙugu ta dubi Baƙo. "Shekara nawa ina gadin ƙofarka, ka rasa wadda za ka tona wa asiri sai ni?"

Kawu ya ce, "Yanzu na yarda ya warke."

Kowace mace ta ɗebi mudu daga nata ta zuba mata. Ta karɓa, amma ta yi sati ba ta shinshina kowa ba, wai tana yajin aiki.

Furoje ya ƙare, motocinsu suka daina zuwa. Bayan wasu shekaru Mushe Lawali ya biyo ta garinmu a kan wani aikin, ya tsaya gaida Kawu. Ya ba mu labarin sauran na'urorin da aka raba tare da tamu. Wata an bar ta kan taga rana ta gasa ta. Wata an jefa ta cikin kwaba da batiri a jikinta har ya kumbura. Wata kuma an adana ta sosai, an kulle shekara biyu ba a kunna ba, da aka tashi nema ta manta aikinta. Kawu ya shiga ɗaki ya fito da Baƙo ya kunna. Mushe ya ga tsanwa, ya ga ja, ya cire tabarau ya goge ido. Ya yi alkawarin aiko da auduga da sashe, kuma ya cika.

Bara bayan kaka ƙafafun Kawu suka fara kumbura. An kai shi gidan likita a Mayahi, aka ba shi magani, ya dawo gida, amma shi da kansa ya san inda aka dosa. Wata safiya ya aiko in zo da mijina da amalanke. Ya sa aka ɗora randa da duwatsunta uku da kwalabe biyu, akwatin kuma ya ɗora mini a cinya da hannunsa.

"In za a daɗe ba aiki, me za ki yi?"

"In cire batiri, Kawu."

"Duk sati fa?"

"In tashe shi ya sha iska, kada ya manta."

"Daddawa fa?"

"Kawu, don Allah."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da na sauke kayan na dawo in yi masa sannu, na iske ya jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin matashinsa yana miƙa wa Inna Cima. Turaren wuta ne, mai kyau, ya ba wani saƙo aka sayo masa a kasuwar Tasawa. Sai a lokacin na lura, duk shekarun nan ban taɓa jin turare a gidan ba. Ita da aka sani da son ƙamshi tun tana amarya, ta bari, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Baƙo ya tashi," in ji Kawu. "Hancinki ya yi mini aiki ya gaji. Ɗebo wuta."

Ta ɗebo garwashi a kasko, nata ba nasa ba, ta barbaɗa. Hayaƙi ya tashi siriri ya cika ɗakin. Kawu ya ja numfashi a hankali, ya sake ja. Na san bai ji komai ba.

"Yaya yake, Cima?"

Ta zauna bakin gadon. "Akwai sandal, Malam. Akwai ɗan miski. Can ƙasa kuma kamar hawi."

"Ba su cuce ni ba ke nan."

"Ba su cuce ka ba."

Ya lumshe ido, irin lumshewar da yake yi a kan buhu a da, ya ce ta ƙara kaɗan. Kwana tara bayan nan ya cika, da safe, tana zaune kusa da shi.

Allah ya jiƙan Kawu Rabe, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Inna Cima haƙuri da lafiya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.